Ɗacin Maganin Ido a Maƙogwaron Inna

Sana'ata hatsi ce. Daga kasuwar Kunci zuwa Makoda, da wuya a sami wanda zai ce ya kayar da ni a ciniki. Mutum ɗaya ce ta gagare ni, mahaifiyata.

Yanar ido ce ta rufe wa Inna gani a hankali, ba ta gaya wa kowa ba. Matata ce ta gane, ranar da ta ga tana tsintar wake da yatsu kawai, fuskarta na kallon bango.

Na kai ta asibitin ido a birni. Likita ya ce na hagu ya riga ya mutu, na dama ne za a iya cetowa. Ya ba mu 'yar kwalba, a riƙa ɗigawa kafin ranar aiki. Inna ba ta yi gardama ba, sai dai duk aka ɗiga takan yamutsa fuska ta ce, "Abu a ido, ɗaci a maƙogwaro. Maganin nan ya san hanya." Mu yi ta dariya.

A ƙarshen Sha'aban aka yi aikin. Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma tsayawa kallon fuskata. Amma ranar da aka cire bandejin ta dube ni, ta daɗe.

"Ashe har ka yi furfura," ta ce. "Ga tumbi kuma. Hatsin mutane kake ci?"

Likita ya ba mu sababbin kwalabe, ya ce a ɗiga da safe, da rana, da yamma, da dare, kada a tsallake, har ciwon ya warke.

Sai aka ga watan azumi.

Da hantsi matata ta je mata da kwalba, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Aka aiko aka kira ni daga rumfa.

"Inna, a ido ne fa, ba a baki ba."

"Kai ne kake jin ɗacin ko ni? Abin da ya sauka maƙogwaro ya karya azumi."

Na ɗauko limamin unguwarmu, wanda a gabanta aka haife shi. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce Allah ya sauƙaƙa wa mara lafiya, ta ajiye azumin, ta rama bayan salla.

"Malam," ta ce, "kai za ka tsaya min cewa zan kai lokacin ramuwar?"

Ya sunkuyar da kai.

Na koma abin da na iya. Na ce zan ciyar da buhun gero a madadinta. Na ƙara na biyu.

"Alhaji, ba a kasuwa muke ba."

Ƙarshe muka tsaya a kan cewa za a ɗiga bayan shan ruwa, da bayan isha'i, da lokacin sahur. Na karɓa, yadda nake karɓar rabin riba in kaya sun ƙi tafiya. Tsawon yini kuwa, cikin zafin bazara, idon yana nan haka.

Azumi bai raba ba idon ya yi ja, yana ruwa. Ta fara lalubar buta. Muka koma birni, likita ya haska, sannan ya ce cikin idon ya kumbura. Ya canza magani. A cikin mota, da rana tsaka, Inna ta ɗaga mayafinta da kanta ta ce in ɗiga. Na ɗiga. Na ga maƙogwaronta ya motsa, hawaye na bin kuncinta.

Goman ƙarshe duk ba ta yi azumi ba, ganin kuma bai dawo ba. Haske da duhu kawai take bambancewa.

Bayan salla ta rama kwanakinta ɗaya bayan ɗaya, ba ta bari an ƙirga mata ba. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ni ma ban ce mata ba. In tsofaffi 'yan uwanta sun zo jaje, suna cewa an yi aikin banza, sai ta ce, "A'a, na gani ai. Na ga wancan. Ya tsufa."

Gero na fitar da kai ta rasu. Ba ta kai wani azumin ba.