Zuwanmu Gummi Don Auna Ruwan Sama

Wata damina ce a farkon shekarun tamanin, lokacin muna jihar Sakkwato, ina koyarwa a Anka. Saƙo ya zo wa Inna cewa ƙanenta, Kawu Ɗanjuma na Gummi, zai bar fadamarsa ya tafi kudu. Ganyen shinkafarsa ya ƙone, ga shi ya ji a rediyo ana maganar wani ruwan sama da ke kashe daji da kifi a Turai. Ya ce shi ne ya iso, ƙasar ta gama. Inna ta yini ba ta ci abinci ba. Na roƙi abokin aikina Malam Bitrus, mutumin Filato mai koyar da kimiyya, ya raka ni.

Asabar: Anka zuwa Bukkuyum

Mun tashi ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba, a bayan a-kori-kura. Hanya duk taɓo, sau biyu muka sauka muka tura. A wani shinge ɗan sanda ya ga kwalabe a jakar Malam Bitrus, ya tambayi na mene ne. Da muka ce ruwan sama za mu ɗiba, ya yi dariya ya ce mu wuce.

Ƙarfe goma muka ratse Bukkuyum don direba ya sauke buhuna, muka sha fura da nonon da har yau ban ƙara samun irinsa ba. Nan ruwa ya sauko. Muka tara kwalba biyu, amma takardun gwajin tsamin ruwa da ke aljihun Malam Bitrus suka jiƙe suka lalace. Haka muka koma mota.

Gummi

Mun isa ƙarfe biyu da rabi. Mun tarar Kawu ya riga ya ɗaure kayansa. Bayan tuwon shinkafa da kifi, Malam Bitrus ya yi masa bayani a tsanake: hayaƙin manyan masana'antu masu ƙona gawayin ƙasa yana ɗauke da farar wuta, idan ya gamu da danshin gajimare sai ya zama ruwa mai tsami, ya sauko ya lalata ƙasa, ya kashe kifi, ya ci kwanon rufi. Ya ce kowane ruwan sama yana da ɗan tsami daga iska, amma bai kai ya cutar ba.

Kawu ya ce, “Malam, na ji. Amma ruwan ga namu, mi za ya nuna min lahiya shi ke?”

Malam Bitrus ya nemi soɓorodo wajen matar Kawu, ya jiƙa, ya zuba a kofi uku. Ya matsa lemun tsami a na farko, ya yi ja wur. Ya zuba ruwan toka a na biyu, ya koma kore-kore. Na uku ya miƙa wa Kawu kwalbar ruwan sama ya ce ya zuba da hannunsa. Launi bai sauya ba. Kawu ya sake da ruwan da ya tara a randarsa, haka nan. Malam Bitrus ya ce da ruwan yana da tsamin da ke cutarwa, da ya yi ja wur kamar na lemun.

Lahadi: fadama da komowa

Ƙarfe bakwai muka je gonar da malamin gona na garin. Ya duba, ya ce takin zamani ne ya yi yawa, kuma an zuba shi lokacin da ruwa ya ɗauke. Shinkafar za ta farfaɗo. Kawu ya koma gida ya kwance kayansa, ya ba mu busasshen kifi mu kai wa yayarsa.

Mun shiga Anka ƙarfe biyar na yamma, muka tarar da Inna a bakin zaure. Na ce mata ba za shi ba. Ta zauna ta ce Alhamdu lillahi, tana share ido da mayafi.

Kawu ya noma fadamar nan har ƙarshen ransa. Malam Bitrus kuwa, duk Juma'a Inna sai ta aika masa tuwo, har aka yi masa canjin wurin aiki, labarinsa ya yanke mana. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Malam, in kana raye, mutanen Anka suna gaishe ka.