Baba Dalla-dalla da Addu'arsa

Baba Dalla-dalla mai gyaran fanka ne, kuma addu'a ce ta jawo masa wannan suna. Tun yana sabon ango, wata safiya ya durƙusa ya roƙi Ubangiji ya tsare masa kansa da hannuwansa da hanyar da zai bi, ya ce amin, ya saɓi tsani ya fita. Kafin rana ta take, tsanin ya karye da shi a falon wani mutum, ya sauko rungume da fankar mutane. Yana kwance ƙafa a ɗaure ya yi ta lissafi har ya gano inda matsalar take: bai ambaci tsani ba. Daga ranar ya ƙudurta a ransa cewa duk abin da bai kira sunansa ba, to a waje ya kwana, babu mai tsaronsa.

Sai addu'a ta fara tsawo. Tsani ne a gaba, matakala bayan matakala. Daga nan filaya, sukuddireba, gwangwanin kusoshi, katakon da aka gicciya a kan kwata, da agwagwar maƙwabci wadda ba ta taɓa yi masa komai ba amma ba ya son kallon da take masa. 'Ya'yansa kuwa gaɓa-gaɓa yake bin su. Matarsa ba ta taɓa yi masa musu ba, dabara kawai ta sake. Da ya ce a yi addu'a, sai ta lallaɓa ta ɗora tukunya, ta dawo ta durƙusa. Idan ya kai kan agwagwa ta san lokacin zuba gishiri ya yi.

Sau ɗaya tak sabon fasto ya yi kuskuren cewa ya rufe sujada da addu'a. Dattawan ikilisiya suka sunkuyar da kai, ba don tsoron Allah kaɗai ba. Baba ya fara da kwanon rufin majami'a, ya bi bencina ɗaya ɗaya. Zumuntar mata ta sulale ta ƙofar baya, mai ganga ya yi barci ya farka ya sake komawa, har ana cewa wata jaririya da aka shigo da ita a goye da ƙafarta ta fita.

Batun sama ma bai bar shi a dunƙule ba. Ya gaskata Yesu ya shirya masa wuri, wannan babu shakka a ciki, amma yakan tuna masa cewa a ba shi ɗakin ƙasa saboda gwiwa, kusa da ƙofa, nesa da masu busa ƙaho.

Mutane dariya suke yi. Shi kuwa tsoro ne fal cikinsa, kuma abin tausayi ne, domin kullum yana tashi daga durƙuso da fargabar ko ya tsallake wani abu.

Da tsufa ya kama shi, kalmomi suka fara zille masa. Yau filaya ta ɓace, gobe sunan autansa. Wata safiya ya durƙusa ya ce, "Ya Uba," sai kansa ya yi fayau, ko tsanin bai zo ba. Ya tashi ya jawo kujera bakin ƙofa ya zauna jiran masifa. Ya hana jikoki fita. Ya sa aka kashe fankar falo, ya zuba mata ido ko za ta faɗo. Har yamma babu abin da ya faɗo. Agwagwa ta wuce da 'ya'yanta a kan katakon kwata lafiya lau. Maimakon ya ji daɗi, har ɗan haushi ya ji.

Matarsa ta kawo masa ruwa ta zauna gefensa. Ya gaya mata yau gidan nan a buɗe ya wuni, bai sa kowa a hannun Allah ba, kuma gobe ma bai san abin da zai iya tunawa ba. Sai ta ce masa:

"Maigida, tun da ka aure ni nake durƙusawa a bayanka. Ka kira tsani, ka kira agwagwar mutane. Ni ko sau ɗaya ba ka taɓa kirana ba." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Ga ni nan kuwa, ko haƙori ban rasa ba."

Baba ya buɗe baki zai musa, ya bi addu'ar a ransa iyakar abin da ya rage masa, bai same ta a ciki ba. Ya tambaye ta to wa ya riƙa tsaronta duk shekarun nan. Ta ce shi ma ya sani. Kunya ta kama shi, sai kuma hawaye, sai ya fashe da dariyar da jikokinsa ba su taɓa ji ba.

Bai ƙara daɗewa sosai ba. Safiyarsa ta ƙarshe yana kwance, 'ya'ya sun kewaye gadon, ya ce a yi addu'a. Matarsa ta miƙe kamar kullum ta je ta ɗora tukunya. Tana dawowa ya kama hannunta ya riƙe.

"Ya Uba," in ji shi, "ga wannan. Ga ni. Sauran ka san su."

Ta jira ta ji tsani, bai zo ba. Ta ce amin ita kaɗai, a madafa kuwa ruwan ko ɗumi bai yi ba.