Batirin Keken Yaya

Shekara talatin da biyu ya yi yana gyaran batir a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya, inda ruwan batir ya cinye fentin bango. A zamanin batirin dalma ya koyi sana'ar, kuma ƙa'idar wancan zamani ɗaya ce: batirin da aka bari da yunwa mutuwa yake yi. Duk wanda ya kawo nasa sai ya ji an ce, "A cika shi har baki." Daga nan laƙabin Cika-Baki ya bi shi, shi kuwa yana alfahari da shi.

Da batirin litiyam ya shigo, hannunsa ya karɓi sabon aiki, amma kansa ya zauna a kan tsohuwar ƙa'ida. Yayansa, wanda ƙafafu suka daina ɗauka, yana yawo a keken guragu mai lantarki. Da batirin keken ya gaji, Cika-Baki ya haɗa masa sabo mai yawan nikel, irin wanda ke ɗaukar wuta da yawa. Sa'an nan ya buɗe cajar keken, ya murɗa ta ta ɗan zarce iyakarta, don batirin ya ƙoshi.

'Yarsa, wadda ke aiki a ɗakin gwajin batura, tana tsaye a ƙofar shago.

"Baba, wannan fa ba dalma ba ce," in ji ta. "Gefen batirin da ake kira katod kamar bene yake, hawa-hawa, litiyam na zaune tsakanin hawa da hawa yana tokare su. Caji kwashe shi yake yi zuwa ɗaya gefen. Mai yawan nikel yana sakin mai yawa, ƙarfinsa ke nan. Amma in ka kwashe fiye da kima, ginin zai tsattsage, litiyam ya dawo ya rasa mazauni."

Akwai mutum uku a kan benci. Ya dube su, ya yi dariya. "Ku ji min malama! Tun kina goyo nake cika batir."

Suka yi dariya. Ta sunkuyar da kai ta tafi.

Bayan wata biyar, da tsakar rana, keken ya mutu a kan hanyar asibiti, daidai inda titin ya fara hawa. Yayan ya zauna cikin rana har wasu matafiya biyu suka turo shi shago, rigarsa sharkaf da gumi. Shi ne kuwa mutumin da ke gaya wa kowa cewa babu kamar ƙaninsa.

"Cika-Baki," in ji shi, "ka ɗura masa har ya ƙware ne?"

Cika-Baki ya ɗora ma'auni. Batirin bai riƙe ko rabin wutarsa ba. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, ko da yake babu komai a hannun. Ya kasa kallon yayansa, ya kasa kallon benci.

Can ya ɗauki waya ya kira 'yarsa. Da ta iso, bai ja ta gefe ba. A gaban kowa ya buɗe cajar, ya ce da ƙaramar murya, "Uwata, a ina zan tsayar da ita?"

Ba ta tuna masa komai ba, wanda hakan ya fi masa zafi. Ta nuna lambar iyakar cajin da yatsa, ta miƙa masa sukurdireba.

"Baffa, ka yi haƙuri," ta ce wa yayan.

"Ni na huta, 'yata. Shi za ki ba haƙuri, ga shi can yana gumi a inuwa."