Hajiya Kulu da Rijiyar Kan Tudu

Ina kan hanyar Kalgo da hantsi aka kira ni a waya: Hajiya Kulu ta rasu bayan sallar asuba, a gidanta na Gwandu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye wayar, na bi balbelun da ke tashi daga gonakin shinkafa da kallo, kamar ba da ni aka yi maganar ba.

A hannunta na koyi aiki, shekarar da ambaliya ta cinye wani ƙauye kusa da Wurogauri. Wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ta zo gina sababbin gidaje a kan tudu, Hajiya ce jami'ar da ke tsakaninsu da mutanen gari. Baturen da ke shugabantar aikin yana son a gama kafin wata damina, in ba haka ba tallafin ya koma wani wuri.

Ba ta yi musu da shi ba, gayyatarsa ta yi mu shiga kwalekwale zuwa tudun. Har yau ina ganin safiyar nan kamar a mafarki: ruwa kwance shiru, kawunan rumbuna kaɗai ke leƙowa, ita a gaba, iska na wasa da farin mayafinta. Da muka isa tudun, ta sa muka taka tare da matan gari zuwa inda za su riƙa ɗebo ruwan sha. Ba mu komo ba sai da rana ta take.

Wata dattijuwa ta ce, "Hajiya, gaya mashi, gidan da babu rijiya kwana guda za mu yi cikinai mu koma fadama."

Ta fassara masa ba ragi. Ya daɗe yana sharce gumi, sannan ya ce, "To, da me za mu fara?"

Da rijiya aka fara, har da kwamin shayar da shanun makiyaya. Maginan garin ne suka ɗora katangu. Aikin ya zarce damina, ta yi ta lallashin ƙungiyar har suka jira. Mutanen suna kan tudun nan har gobe.

Takan ce mini, "Ɗiyata, mai kawo taimako baƙo ne, baƙo kuwa ko da ido makaho ne. Kama hannunsa, kada ki kunyata shi." Takan kuma ce, "Abin da mutane suka sa hannu a ciki, su za su tsare shi."

Allah Ya jiƙan Hajiya Kulu, Ya yafe kurakuranta, Ya sanyaya makwancinta. Ya ba maigidanta da 'ya'yanta haƙurin wannan rashi. Mu da ta bari a bakin aiki, Ya ara mana haƙurinta, Ya kyauta namu ƙarshen. Amin.