Shekarar da Kaka Ta Ƙi Shuka Gero

Duk abin da nake tunawa na damina a garin Kaka, ta cikin hawaye da gyangyaɗi nake ganinsa. Ba kuka nake yi ba. Hancina da idanuna ne ba sa ga maciji da gero idan ya yi fure, ni kuwa duk duniya ba inda nake son zama kamar tsakiyarsa.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. An dawo da Baba aiki daga Sakkwato, muka kama haya a bakin garin Gusau, inda gidajen bulo ke ƙarewa. Da an ba da dogon hutu sai a sa ni a bas zuwa Tsafe, daga nan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni ƙauyen mahaifiyar Baba, a gefen 'Yandoto. Gero ya riga ya wuce tsawon mutum, hanya ta koma ɗan siririn lungu, ganye na marin gwiwoyina har ƙofar gida.

Da hantsi, idan raɓa ta bushe, iska kan ɗan taɓa kan geron sai wani gari mai ruwan ƙwai ya tashi. Bununi ake ce masa. Ba ya faɗuwa nan take, yawo yake yi cikin hasken rana a hankali, ƙudan zuma na ratsa shi. Nakan tsaya baki sake ina kallo har atishawa ta fara, kuma in ta fara ba ta san ya isa ba. Ido ya kaɗa ya yi ja, maƙogwaro ya riƙa ƙaiƙayi can inda yatsa ba ya kaiwa.

Kaka ta ce mura ce, ruwa ne ya dake ni. "Kai, wanga miji nawa raggo na," in ji ta, don haka take tsokanata kamar kowace kaka da jikanta. "Maza na hwaɗa da kura, kai ɗan yayyahi ya kada ka." Ta turara ni da tazargade, ta ɗiga mini man shanu a hanci, ta cika kunu da citta har sai na yi gumi. Ina son wannan jinyar fiye da lafiya, gaskiya ce.

Wata shekara abin ya sauka a ƙirji. Numfashina ya koma fito, aka mayar da ni Gusau hutu bai ko raba ba. Maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar jinya 'yar kudu, ta saurari ƙirjina, ta tambayi watan da abin ke tashi da watan da yake kwantawa. Ta ce ba mura ba ce, furen gero ne jikina ba ya so. Baba bai tsaya dogon zance ba, ya ce ni da ƙauye da damina an gama.

Kaka ba ta son mota, amma da bazara ta yi sai ga ta a Gusau da ƙullin daddawa. Ta zauna a tabarma ta dubi ɗanta.

"An ce hatsi ka hana yaro zuwa?"

"Furensa ne, Inna," in ji Baba.

"To, ni ka da gonata. Bana ba ni shuka shi. Ka ba ni mijina."

Baba ya buɗe baki zai yi bayani, ta ɗaga masa hannu. Wa ya isa? Ya haƙura, da sharaɗin zan tafi da maganin da maƙwabciya ta ba ni.

Gonar Kaka tana bayan ɗakinta, katanga kawai ta raba su. Tun tana amarya gero ake shukawa a wurin. Da na iso na leƙa, sai na ga gyaɗa kwance a ƙasa, ko gwiwata ba ta kai ba. Daga layin gamba da ke nuna iyaka kuwa, geron maƙwabta ya tashi ta kowane gefe ya kewaye ta. An ce mutane sun yi ta yi mata dariya da shuka, wai tsohuwa ta bar tuwo ta kama ƙuli-ƙuli. Ita ko a jikinta, sai nuna mini take yi tana murmushi: "Ka gani? Ko ƙwara guda babu."

Maganin nan 'yar ƙwaya ce mitsitsiya, amma tana sa barci kamar me. Nakan sha da safe in kwanta ƙarƙashin tsamiyar tsakar gida, ban yi barci ba, ban kuma farka ba. Muryar Kaka takan zo daga nesa alhali tana kusa da kaina tana ɓarar gujiya. Kukan kurciya da lugudan mata su haɗu su zama abu ɗaya. Wani lokaci in ga gonakin sun taso suna tafiya sannu sannu ta saman katanga, in ce mata ga gero nan ya zo gaishe ni, ta ce in yi barcina. Ban taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba, har na fara yarda cewa dabararta ta ci.

Sai geron maƙwabta ya yi fure.

Atishawa ta dawo, ƙwayar ta kasa riƙe ta. Nakan zagaya bayan rumbu in toshe hanci da riga don kada ta ji. Wata safiya ta same ni a can, ido ya kumbura. Ta ja hannuna muka fita gonar. Ta sunkuya ta shafa ganyen gyaɗarta, ta ɗago yatsa ta duba. Ya yi ruwan ƙwai. Ta daɗe tana kallon layin gamban nan, wanda a saninta ko akuya ta tsallake shi sai an yi magana.

"Ashe shi bai san iyaka ba," ta ce a hankali.

Ta kara kunnenta a bayana ta ji fiton. Na ce mata na warke, na rantse, na ce zan riƙa shan ƙwaya biyu. Ta shiga ɗaki ta haɗa kayana da kanta, ta aika a kira mai babur. Na yi fushi da ita ƙwarai, na ƙi kallonta.

Ta raka ni har bakin hanya tana riƙe da jakata. Da na hau, ta gyara mini hula.

"Ka zaka da rani," in ji ta. "In an yanke."

Na ci gaba da zuwa da rani, hutun 'yan kwanaki, in tarar da ita cikin kara da busasshiyar ƙasa. Har Allah ya yi mata rasuwa ban sake ganin garin nan kore ba.