Rassan Tuffar da Nezir Ya Bari Cikin Yashi

A safiyar Talata, 11 ga Fabrairu, Allah Ya karɓi ran Nezir Kurtović a gidansa da ke bayan garin Goražde, yana da shekara saba'in da takwas. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Nezir, shekara arba'in muna maƙwabtaka. A takardun gwamnati kai mai raba wasiƙu ne, amma a ƙauyukan bakin kogin Drina da wuƙar aurar da bishiya aka san ka. Duk tuffar daji da ka tarar a hanyar aikinka sai ka tsaga ta, ka soka mata reshe mai kyau, ka ɗaure, ka shafe da kakin zuma, ka wuce da jakarka. Masu cin 'ya'yan yau da yawansu ba su san hannun wa ba ne.

Wajen kakarka Hatidža ka koya. Kana ɗan shekara bakwai ta damƙa maka wuƙarta, ka yanke babban yatsa, ta ɗaure maka da zaren da take ɗaure reshe, ta ce ka ƙarasa aikinka. Da tabon aka binne ka. Abu biyu ta bar maka: bishiyar tuffa mai ƙamshi da ta kawo irinta daga ƙauyensu ranar aurenta, da doka ɗaya, cewa ba a hana mai neman reshe. A sanyin shekarun yaƙi, da kowa ke sare abin da ya samu don wuta, na gan ka kana ƙona kujerun gidanka, bishiyar tana tsaye.

Sau da yawa ka so koya mini, ina zillewa. Ka ce, "Kai dai malamin jarida, hannunka ba ya moruwa sai a biro. Amma wajen ci ba ka taɓa makara ba."

A Janairun bana nauyin ƙanƙara ya kayar da tsohuwar bishiyar. Waɗanda ka aurar da irinta a wasu gonaki, yaƙi da tsufa sun riga sun cinye su. Ka fita da sandarka, ka yanko rassa tara masu kaurin fensir, ka ɗaure su, ka binne su cikin yashi mai laima a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su jira Maris, lokacin aurar da bishiya. Ba ka gaya wa kowa ba, kuma ba ka kai Maris ba.

Ranar addu'ar bakwai gida ya cika, murhu na neman mutuwa. Ɗanka Fadil, wanda ya girma a birni wajen kawunsa, ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa neman makamashi, ya hawo da ɗaurin rassan nan. Har ya jefa biyu a wuta kafin ƙanwarsa Almasa ta riƙe masa hannu.

"Yaya, ajiye! Wa ya taɓa binne itacen wuta a yashi? Tuffar kaka ce fa!"

"To ni na sani? Kirare na gani."

"Shi ya sa Baba yake cewa in aka bar ka da gona, sai ka shuka mata siminti."

Almasa ce ke riƙe maka zare tun tana 'yar shekara shida. Ranar arba'in ɗinka ta ɗauki wuƙar Hatidža, ta aurar da shida a bayan gida. Na bakwai ta miƙo mini ta kan shinge.

"Kawu, ka san dokar gidan nan. Ba ka nema ba, amma Baba ya gaji da nema maka."

Ta tsaya kaina har na ɗaure shi a jikin tuffar daji da ke kusurwar gidana. Aikina ya koya mini kada in rubuta abin da ban gani ba. Jiya na duba: huɗu daga nata sun yi toho. Nawa ma ya yi, duk da karkataccen ɗaurin.

Allah Ya jiƙan Nezir, Ya gafarta masa, Ya sa kowace tuffa da wani ya tsinka a bakin hanya ta zame masa sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Zumreta, da Fadil, da Almasa, da jikoki. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Amin.