Ruwan da Ya Ƙona Ƙafafun Umma

Shekarar da mahaifiyata ta zo Dubai don a yi mata aikin ido, ni da maigidana muna haya a hawa na ƙarshe na wani bene a unguwar International City. Tankin ruwan ginin da bututansa suna saman kanmu, a fili, rana na dukansu tun safe. Duk wanda ya yi bazara a garin nan ya san famfon da aka yi wa alamar sanyi shi ne mai zafi. Mu da muka saba, kashe hitar dumama ruwa muke yi, ruwan cikinta ya huce, sai mu riƙa buɗe ɓangaren ja, wato na ruwan zafi, idan muna son mai sanyi. Na yi wa Umma wannan bayani ranar da ta sauka. Ta yi dariya, ta ce ita dai ba ta taɓa jin garin da famfo ke ƙarya ba.

Umma na da ciwon suga, ya daɗe a jikinta har ƙafafunta sun daina jin komai. Kuma suna kumbura, don haka tana son tsoma su a ruwa.

Wata rana da azahar ina kicin, ta shiga banɗaki alwala. Ta buɗe ɓangaren shuɗi, na ruwan sanyi, kamar yadda ta saba a gida. Ruwan farko da ya kwanta a bututun cikin ɗaki ya zo da sanyinsa, ta wanke hannu da fuska lafiya. Sai ta zauna a kan 'yar kujera, ta sa ƙafafu a baho, ta bar famfon yana zuba. Kafin nan ruwan saman bene ya iso. Da na ji ta daɗe na leƙa, na tarar tururi na tashi daga bahon, ita kuwa tana zaune abinta tana salati.

"Umma! Cire ƙafarki!"

"Me ya faru kuma?" ta ce, tana dubana da idonta mai gani guda.

Na sa hannu zan janye bahon, na fizge hannun da sauri don zafi. Ƙafafunta sun yi jawur har idon sawu. Kafin la'asar sun yi bororo. A asibiti aka naɗe su da bandeji, likitan ido kuma ya ce ba zai taɓa ta ba sai ciwon ya warke.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba yau aka fara maganar bututan nan ba. Soson da aka naɗe su da shi tun gina gidan rana ta cinye shi, ya ruɓe ya zube. Maigidana ya sha gaya wa manajan ginin, kullum amsar ɗaya ce: inshallah, mako mai zuwa.

Maƙwabcinmu na ƙofar gaba mutumin Maraɗi ne, yana aikin kago, wato aika kaya gida, a unguwar Deira. Da ya zo gaishe da Umma ya ga ƙafafun, bai zauna ba. Ya ce wa maigidana, "Alhaji, tashi mu je kasuwar 'yan Sin. Abin da za mu iya da hannunmu ba sai mun roƙi kowa ba." Suka dawo da dogayen baƙaƙen soso masu rami a tsakiya, da salatif mai ƙyalli. A jikin ledar akwai hoton gida cikin dusar ƙanƙara. Mai shagon ya ce musu don ƙasashen da ruwa ke daskarewa ya fasa bututu aka yi shi, amma abin da ya tare sanyi zai tare zafi.

Ranar Lahadi da sassafe suka hau. Suka bi bututan ɗaya bayan ɗaya suna naɗewa, suka yi wa tankin rumfa da tamfol. Sun sauko rigunansu sharkaf. Ruwan bai zama mai sanyi ba, amma a wannan makon mutum na iya sa hannu a famfo da tsakar rana ya bar shi. Har matar da ke ƙasa da mu, 'yar Filifin mai jariri, ta hawo ta yi mana godiya.

Bayan mako guda sai ga mai gadi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da buhu a kafaɗa. Ya ajiye, yana kallon ƙasa. Sosonmu ne a ciki, an yayyanka shi da wuƙa. Ya ce manaja ne ya sa shi, wai an hau saman bene ba izini.

Maigidana yana wurin aiki. Na zura hijabi, na ja buhun har ofishin manajan a ƙasa. Na tarar da shi cikin sanyin na'ura, ga injin ruwan sanyi a gefensa. Da guntun Turancina da Larabcin kasuwa na ce masa mahaifiyata na kwance da ƙuna, na nuna masa hoton ƙafafun a waya. Ya duba, ya girgiza kai.

"Madam, bazara ce," ya ce. "Kowa ya sani. Ki gaya wa mama ta riƙa taɓa ruwa tukuna."

"To ku gyara mana! Ba ku gyara ba, mun gyara, kun yanke. Me kuke so mu yi?"

Ya ce sai kamfani ya turo ma'aikatansa, idan wani ya faɗo daga sama shi manaja za a kama. Na ce yaushe za su zo. Ya ɗaga hannu ya ce, "Khalas, madam," wato magana ta ƙare, ya juya ga kwamfutarsa. Na bar masa buhun a tsakiyar ofis na fito.

Da yamma maigidana ya ce in yi haƙuri, mu baƙi ne, kada a ƙi sabunta mana haya. Umma ma ta goyi bayansa. "Ke dai ki bar su da Allah," ta ce. "Ni ban ma ji zafin ba." Wannan maganar ita ta sa ni kuka. Na san don ta kwantar mini da hankali ta faɗa, amma ni ce nake wanke ciwon safe da yamma, ni nake ganin fatar tana saɓulewa.

Ƙuna a jikin mai suga ba ta saurin warkewa. Bizar Umma ta ƙare kafin likita ya yarda, ta koma Kano a keken marasa lafiya ba a yi aikin da ya kawo ta ba. A can ƙanena ya kai ta aka yi daga baya. Ma'aikatan kamfanin kuwa har bazara ta wuce ban ga ƙeyarsu ba.

Da hayarmu ta ƙare na ce ba zan ƙara shekara a ginin ba, muka samu wuri a unguwar Al Nahda. Ranar da muke fitar da kaya manajan yana tsaye a bakin ƙofa, ya yi mini murmushi ya ce, "Mama lafiya?" Maigidana ne ya amsa masa da alhamdulillahi. Ni na ɗauki tukwanena na wuce mota.